Wai sojojin jiki ne ke lalata zuciyar mai ciwon suga?

Ummu_Hanan: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ma'aikatan lafiya da ke cikinmu, ina da tambaya. Mahaifinmu ya haura shekara goma da ciwon suga. Tun bayan babbar sallah ya fara haki, daga gida zuwa masallacin unguwa sai ya tsaya ya huta, da yamma ƙafafu su kumbura, da dare kuma sai an tara masa matashi kafin ya iya barci. An yi masa hoton zuciya, likita ya ce zuciyar tana matsawa yadda ya kamata, kuma bai ga alamar toshewar jijiya ba, sai dai namanta ya yi tauri, ba ta sakewa ta karɓi jini sosai. Da yayana ya tambayi dalili sai ya ce sugan ne, ya ƙara da cewa har da sojojin jikinsa a cikin masu ɓarnar. Nan kaina ya ɗaure. Ba cewa ake yi garkuwar jikin mai suga rauni take yi ba, shi ya sa gyambonsa ba ya warkewa? To abin da ya yi rauni ina ya ga ƙarfin lalata zuciya? Kuma mu saya masa maganin ƙara garkuwa ne ko kuwa?

Dattijon_Fagge: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Malam lafiya, ya sa kaffara ne. Ni ma na kasa kunne, don ciwon nan ya kama ni tun kafin in yi ritaya.

Mai_Kayan_Lafiya: Hajiya ki same ni ta ciki. Akwai haɗin zogale da habbatus sauda da citta, yana ɗaga garkuwar jiki, yana wanke jijiyoyi tas. Da yawa sun ajiye maganin asibiti bayan sun gwada.

Admin_Sadiya: Mai_Kayan_Lafiya, dokar zauren nan ba ta canza ba. Ba a talla, kuma ba a ce wa mara lafiya ya ajiye maganinsa. Wannan gargaɗi ne.

DanLab: Hajiya Ummu_Hanan, abin da kika ji da abin da likita ya faɗa duk gaskiya ne. Fararen ƙwayoyin jini iri-iri ne. Nutrofil sun fi yawa, su ke fara isa wurin ciwo, kuma mugunyar da ke fita daga maruru galibi gawarwakinsu ne. Akwai monosayit, waɗanda in suka bar jini suka shiga nama sai su rikiɗa su zama makrofaj, masu haɗiye ƙwayar cuta da matattun ƙwayoyin jiki. Sai limfosayit masu tsara faɗan da tuna abokin gaba. In suga ya daɗe a sama, nutrofil kan yi nawar zuwa wurin ciwo, ƙarfin kashe ƙwayar cutar ma ya ragu. Shi ya sa haɗarin kamuwa da tarin fuka ke ninka wajen sau uku ga mai suga. Amma kuma ba sa kwanciya, kullum a hasale suke ko babu cuta. Kamar 'yan sintirin unguwa ne da ɓarawo ke shigowa suna gyangyaɗi, da rana kuma su bi 'ya'yan unguwa da gora. Saboda haka ba ƙarancinsu ne damuwar Baba ba, ballantana a ce a ƙaro su.

Ummu_Hanan: Ikon Allah. To gyambon fa, Malam DanLab?

DanLab: Shi ma akwai hannun wannan hasalar. Nutrofil na iya fashewa su watso abin da ke cikinsu don kama ƙwayar cuta, masana na kiran abin tarun nutrofil. A 2015 wasu masu bincike a Boston sun nuna nutrofil ɗin masu suga sun fi saurin yin haka, kuma da aka hana su a jikin ɓeraye sai ciwon ya fi saurin rufewa. Ga kuma ƙarancin gudun jini a ƙafa da mutuwar jijiyar ji, duk sun taru.

Dalibi_a_Ingila: Bari in ɗora a kan na DanLab, tunda wannan fannin nake karatu. Zuciya lafiyayya ma tana da nata makrofaj, wasunsu tun mutum yana ciki suka zauna a can. Aiki suke yi, ba zaman banza ba. A 2017 an gano a Boston cewa suna taimaka wa lantarkin da ke sa zuciya bugawa a kan tsari, a 2020 kuma masu bincike a Madrid suka nuna su ne ke kwashe tarkacen da ƙwayoyin tsokar zuciya ke fitarwa. Waɗannan 'yan gida ne, ba su da laifi.

Matsalar tana farawa ne in suga ya yi yawa ya daɗe. Sugan yana mannewa a jikin furotin, irin mannewar da ake aunawa a gwajin HbA1c, gwajin jinin da ke nuna matsakaicin suga na watannin baya. Furotin ɗin da suga ya manne wa yana tsokano wasu masu karɓar saƙo da ke jikin ƙwayoyin garkuwa da bangon jijiyoyi. Bangon ƙananan jijiyoyin zuciya sai ya fara danƙo, monosayit da ke wucewa su maƙale, su kutsa cikin naman zuciya. Baƙin nan ba shara suka zo yi ba. Suna fitar da sinadaran kumburi, manyansu IL-1 beta da TNF, suna kuma zuga wasu ƙwayoyi masu saƙa kolajin, abin da jiki ke yin tabo da shi. In mutum ya yanke, tabo alheri ne. Amma a nan babu yanka, kuma zugar ba ta tsayawa, shekara da shekaru ana saƙa tabo sirara a tsakanin tsokar zuciya. Zuciyar tana iya matsawa, amma sakewa ta cika ya gagara. Jini ya koma baya ya cunkushe a huhu, ga haki, ga kasa kwanciya shimfiɗe. Abin da Hajiya ta siffanta ke nan.

Kitsen tumbi ma yana da hannu. Tun 2003 aka nuna cewa makrofaj na taruwa a cikin kitsen mai ƙiba, kuma abin da suke fitarwa yana hana insulin aiki. Wato kafin ma a ce wa mutum yana da suga, wutar ta riga ta kama.

Gaskiya_Daci: Ni fa duk inda na ji "masu bincike sun gano" sai in tambaya, a jikin wa? Na Boston ɓera, na Madrid ɓera. Baban Hajiya ba ɓera ba ne. Kuna da hujja a jikin ɗan Adam, ko dai hasashen turawa ne da za su canza baɗi?

Bazazzage: Gaskiya_Daci ka zo ke nan, yau ba barci.

Dalibi_a_Ingila: Tambayarka a kan hanya take, galibin bayanin yadda abin ke faruwa daga ɓeraye ya fito, don ba wanda zai yarda a yanko masa zuciya don bincike. Amma akwai na mutane. A 2017 aka fitar da sakamakon gwajin CANTOS, wanda Paul Ridker ya jagoranta. Mutum sama da 10,000 da suka taɓa samun bugun zuciya kuma gwajin jininsu ya nuna kumburi, wajen kashi 40 cikin 100 masu suga ne. Aka riƙa yi wa wasu allurar kanakinumab duk wata uku, wadda aikinta kawai ta toshe IL-1 beta. Ba ta taɓa kolastarol ba, amma sabon bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki da mutuwar da ke biyo su sun ragu da kusan kashi 15 cikin 100. Wannan ya nuna kumburin da kansa yana cikin masu laifi.

Gaskiya_Daci: To ina allurar take? Me ya sa ba a yi wa kowa?

Dalibi_a_Ingila: Tsada ta fitar hankali, kuma waɗanda aka yi wa sun fi mutuwa daga cututtuka masu yaɗuwa, tunda an danne wani ɓangare na garkuwa. Ba ta kuma hana kamuwa da suga ba. Hukumar magunguna ta Amurka ba ta amince da ita don ciwon zuciya ba.

Gaskiya_Daci: Ka ga abin da nake faɗa. An gudu ba a tsira ba.

Likita_SB: Salamu alaikum. Yanzu na fito daga aiki na ga zaren. Abin da Dalibi ya faɗa daidai ne, sai dai ina so in ja birki a wuri biyu, musamman saboda Hajiya.

Na farko, hoton zuciya irin wanda ake shafa mai a ƙirji a ɗora na'ura ba ya nuna cikin jijiyoyin da ke ciyar da zuciya. Yana nuna girman ɗakunanta, kaurin bango, yadda take matsawa da sakewa, da kuma ko wani ɓangare ya daina motsi. Saboda haka "ba a ga alamar toshewa ba" ba ya nufin jijiyoyin a wanke suke. Kuma a cikin jijiyoyin ma makrofaj ne ke aiki: su ke haɗiye kolastarol ɗin da ya maƙale a bango har su kumbura su mutu, tarinsu ya zama dunƙulen da ke tsuke hanya, kuma su ne ke cinye murfin dunƙulen har ya fashe jini ya daskare a kai. Bugun zuciya ke nan.

Na biyu, gaskiya ne suga kaɗai na iya lalata tsokar zuciya. Shirley Rubler da abokan aikinta suka fara siffanta haka a 1972, daga gawar mutum huɗu masu suga da zuciyarsu ta gaza ba tare da toshewar manyan jijiyoyi ba. A 1974 binciken Framingham na Amurka ya nuna haɗarin gazawar zuciya ya ninka fiye da sau biyu ga maza masu suga, ga mata kuwa wajen sau biyar. Amma mu a nan, kafin in ɗora wa suga laifi sai na auna jini. Binciken THESUS-HF na 2012, wanda ya tattara majinyata kimanin 1,000 daga ƙasashen Afirka 9 har da Najeriya, ya nuna hawan jini ne kan gaba wajen jawo gazawar zuciya, kusan kashi 45 cikin 100. Shi ma yana taurara zuciya, kuma shi ma yana kiran waɗannan ƙwayoyin. Hajiya, Baba yana da hawan jini? Wane magani kuma yake sha ban da na suga?

Ummu_Hanan: Yana da shi Likita, amma ba kullum yake shan maganin ba, sai ya ji kai na sarawa. Sai kuma daiklofenak da yake saye a kemis saboda gwiwa, kusan kullum da dare.

Bazazzage: To ai daiklofenak ɗin maganin kumburi ne. In kumburi ne matsalar, ashe Baba yana kan hanya ba tare da ya sani ba.

Hajiya_Famasi: Subhanallah! Bazazzage kar wani ya karanta wannan ya ɗauka. Ummu_Hanan, yau ɗin nan ki gaya wa likitansa zancen daiklofenak, kar a jira ranar komawa. Daiklofenak da ibuprofen da danginsu suna sa ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa, suna ɗaga jini, suna rage wa maganin fitsari ƙarfi. Ga mai suga da ƙodarsa ke lallaɓawa, ga zuciya ta yi tauri, su kaɗai sun isa su kumbura masa ƙafa su cika masa huhu. Hanyar da suke toshewa daban take da wadda Dalibi ke magana a kai. Sannan a bincika ko ana haɗa masa da dekza, wato maganin kumburin nan dekzametason, don masu kemis da yawa in ka ce ciwon jiki sai su ƙulla maka haɗi a leda, ƙwaya huɗu ko biyar ba suna. Dekza tana danne garkuwa, amma tana harba suga sama.

Dattijon_Fagge: Haɗin ledar nan kam mun sha shi. Allah ya yafe mana.

Nas_Rabi: Zancen "sai ya ji kai na sarawa" ya fi komai tayar min da hankali. Maganin hawan jini kullum ake sha. Sannan wasu masu suga ba sa jin ciwo irin na sauran mutane, don jijiyoyin ji sun lalace. Mun taɓa karɓar wani dattijo da ya zo da amai da zufa da kasala kawai, 'yan uwansa sun rantse maleriya ce, har sun sa an yi masa allurai a gida. Da aka yi gwajin lantarkin zuciya sai ga bugun zuciya, shi kuwa ƙirjinsa ko ƙaiƙayi bai yi ba. Ummu_Hanan, a kuma duba tukunya. Mutanenmu sukan rage gishiri su ninka magi, ga kanwa a miya da kunu, duk jirgi ɗaya ne ya kwaso su.

Dan_Maradi: Sannunku da ƙoƙari. Ni tambayata daban ce. Tsohuwata lokotoro ya ce sukarinta 1,8 ne da safe, ƙanena da ke Katsina ya ce nasa 9 ne, wani kuma ya ce 150. Wa ya fi wani ciwo a nan?

DanLab: Ma'auni ne ya bambanta, ɗan uwa. Ku a Nijar giram a lita ake rubutawa, ɗakunan gwajinmu da yawa milimol a lita, na'urar gida kuma galibi miligiram. Iyakar da ake cewa mutum na da suga in bai ci komai ba ita ce 1.26 a naku, 126 a na'urar gida, 7.0 a namu. Na tsohuwa 1.8 daidai yake da 180, ko 10 a namu. Na ƙanenka 9 kuwa wajen 162 ne. Duka ukun a sama suke.

Dan_Maradi: Madalla, na gode.

Dattijon_Fagge: Ni yanzu bari in yi tawa. Shekarun farko gaskiya ban kula ba, ina aiki, ina shan lemo, magani sai na tuna. Yanzu kuwa shekara kusan uku sugana bai wuce iyaka ba. Su waɗannan sojoji sun koma bariki ke nan, ko har yanzu suna nan suna ɓarna?

Dalibi_a_Ingila: Baba, amsar tana da ɗan ɗaci. Fararen ƙwayoyin jini a ɓargo ake ƙera su. A 2013 masu bincike a Jami'ar Columbia sun nuna cewa yawan suga yana sa nutrofil su fitar da wani saƙo da ke sa ɓargo ya ƙara yawan monosayit. A 2021 kuma ƙungiyar Robin Choudhury a Oxford ta ɗebi ɓargon ɓera mai suga ta dasa wa ɓera mai lafiyayyen suga. Duk da sugan sabon jikin daidai yake, jijiyoyinsa sun fi tara dunƙulen kitse fiye da wanda aka dasa wa ɓargon lafiyayye. Wato iyayen ƙwayoyin da ke ɓargo sun riƙe tarbiyyar da suga ya yi musu, suna haifar 'ya'ya masu saurin hasala. Sun kuma ga irin wannan alamar a ƙwayoyin jinin mutane masu suga. Gaskiya_Daci, na san ɓera ne, ba sai ka faɗa ba.

Gaskiya_Daci: Tunda ka faɗa da bakinka na yafe.

Dattijon_Fagge: To ashe wahalar banza nake sha, na bar tuwon dare, na bar fura da suga.

Likita_SB: A'a Baba, ko kusa. Dalibi, in za ka faɗi wannan ga mara lafiya ka haɗa da ɗaya ɓangaren. Jiki yana tuna mugun lokaci, yana kuma tuna mai kyau. Gwajin DCCT ya ɗauki mutum 1,441 masu suga nau'in farko, aka matsa wa rabi su riƙe suga sosai. An kammala a 1993, daga baya sugan ɓangarorin biyu ya zo kusan ɗaya, amma rahoton 2005 ya nuna waɗanda suka riƙe da wuri cututtukan zuciya da jijiyoyi sun ragu musu da kashi 42 cikin 100. A Ingila ma an ga irin haka ga masu nau'i na biyu a rahoton UKPDS na 2008. Abin da kake yi yau, Baba, shi jikinka zai tuna nan da shekara goma, kuma ido da ƙoda da ƙafa suna cin moriyarsa tun yanzu. Abin da ban yarda da shi ba shi ne dattijo ya riƙa danna suga ƙasa da ƙarfin tsiya. A 2008 an dakatar da wani ɓangare na gwajin ACCORD saboda waɗanda aka matsa wa sosai sun fi mutuwa. Ga mai shekaru, riƙe hawan jini, shan maganin kolastarol da barin taba suna kare zuciya fiye da bin suga har ya faɗi ƙasa.

Dattijon_Fagge: Allah ya yi albarka, ɗana. Hankalina ya ɗan kwanta. Amma furar nan ina kewarta.

Maman_Walid: Don Allah tunda ana maganar fararen ƙwayoyin jini. Mijina yana da suga, an yi masa gwajin jini aka ce nutrofil ɗinsa sun yi ƙasa da iyakar da ke jikin takarda. Garkuwarsa ce ta ƙare?

DanLab: A nuna wa likita, amma kar ki tsorata tukuna. Galibin mutanen Afirka ta Yamma ba mu da wani furotin da ake kira Duffy a jikin jajayen ƙwayoyin jininmu, kuma masu wannan halitta adadin nutrofil ɗinsu a jini yakan yi ƙasa da na turawa ba tare da wata cuta ba. Takardun gwaji da yawa kuwa iyakar turawa aka buga a jikinsu. In ba ya yawan zazzaɓi ko marurai, sauran sakamakon kuma lafiya, sau da yawa haka Allah ya yi shi. Wani abin kuma, mai sikila kar ya dogara da HbA1c, don jajayen ƙwayoyinsa ba sa daɗewa, sakamakon ba ya faɗin gaskiya.

Bazazzage: Ni na karanta cewa akwai tsohon maganin ciwon gaɓɓai, kolcisin, da yanzu ake ba masu ciwon zuciya, kuma ba tsada. Wannan kuma fa? Ko shi ma Hajiya_Famasi za ta yi min salati?

Dalibi_a_Ingila: Wannan kam akwai shi. Yana hana nutrofil tafiya da taruwa. Gwajin COLCOT na Kanada a 2019 da LoDoCo2 na Ostiraliya da Holan a 2020 duk sun nuna raguwar matsalolin zuciya da rabin miligiram a rana, kuma a 2023 Amurka ta amince da shi don wannan.

Mai_Kayan_Lafiya: Kuma daga tsiro aka samo shi! In mu muka faɗa a ce talla muke.

Hajiya_Famasi: Daga tsiro ne, kuma tsiron guba ne. Tazarar da ke tsakanin adadin da ke magani da wanda ke kisa kaɗan ce. Mai raunin ƙoda yana taruwa masa a jiki, in aka haɗa shi da kilaritromaisin, wani maganin kashe ƙwayoyin cuta, yana iya kashe mutum. Masu suga nawa ne a cikinmu suka san lafiyar ƙodarsu?

Likita_SB: Sannan labarin bai tsaya inda Dalibi ya tsaya ba. A 2024 gwajin CLEAR SYNERGY, mutum sama da 7,000 bayan bugun zuciya, bai ga amfanin kolcisin ba. Kafin nan an gwada metotireksat, wani maganin danne garkuwa, a gwajin CIRT, wanda aka ɗebi masu ciwon zuciya da ke da suga ko alamomin gab da shi, shi ma ba a ga komai ba. Kuma duk waɗannan gwaje-gwaje a kan toshewar jijiya aka yi su, ba a kan taurin tsoka irin na mahaifin Hajiya ba. Don haka ni ina ganin ilimin ya yi nisa, maganin da zai saita garkuwa kai tsaye kuwa bai iso ba.

Dalibi_a_Ingila: Ban yarda gwaji ɗaya ya rushe biyu ba, Likita. Na 2024 an yi wani ɓangarensa lokacin korona, kuma da yawa sun daina shan maganin a hanya. CIRT kuwa maganin bai ma rage alamomin kumburi a jini ba, to me za a tsammata?

Likita_SB: Kai kana ɗakin bincike, ni ina gaban mara lafiya da bai yi gwajin ƙoda ba tun bara. Ba zan rubuta ba sai na ga dalili mai ƙarfi.

Ummu_Hanan: Na gode ƙwarai da gaske. Yayana ya kira likitan, ya ce a dakatar da daiklofenak, a kawo shi gobe a duba ƙoda. Amma har yanzu tambayata ta farko tana min yawo. In sojojin jikin ne ke taurara zuciyar, kuma babu maganin da zai saita su, to me ya rage? Taurin da ya riga ya yi zai saki?

Likita_SB: Tabon da ya riga ya zauna da wuya ya goge gaba ɗaya, amma haki da kumburin ƙafa suna iya raguwa sosai, don ruwa ne ya taru, kuma ana fitar da shi. Ki tambayi likitansa ko Baba ya dace da empagliflozin ko dapagliflozin. Magungunan suga ne da ke sa ƙoda ta zubar da suga ta fitsari. A 2015 gwajin EMPA-REG ya nuna kwanciya asibiti saboda gazawar zuciya ta ragu da kashi 35 cikin 100 ga masu suga, a 2021 kuma EMPEROR-Preserved ya nuna amfaninsu ga irin zuciyar da ke matsawa amma ba ta sakewa. Wasu masana na ganin rage kumburi na cikin dalilan, wasu sun fi danganta shi da ƙoda da fitar ruwa. Akasin haka, piyoglitazon, shi ma maganin suga ne, yana tara ruwa, mai gazawar zuciya ba ya sha. A duba cikin magungunansa.

Gaskiya_Daci: Ku faɗi kuɗinsa mana. Ɗan fansho da ke rabon metformin biyu don ya kai ƙarshen wata kuke gaya wa empagliflozin.

Hajiya_Famasi: Tsada kam akwai, ko da yake samfurin Indiya ya fi sauƙi. Kuma yana da sharuɗɗa: tsaftar gaba, saboda suga a fitsari na jawo ƙaiƙayi, a dakatar in ana amai ko gudawa, sannan a zauna da likita kafin azumi, musamman in ya faɗo a bazara.

Nas_Rabi: Abin da ba ya cin kuɗi da yawa kuma ba a faɗa ba shi ne baki. Dasashin da ke jini in an yi asuwaki ciwo ne da ke zuga garkuwa dare da rana, kuma masu suga sun fi kamuwa. An nuna cewa wanke ƙasan dasashi a wurin likitan haƙori yana ɗan sauke HbA1c. A cikin masu suga da nake gani, ƙalilan ne aka taɓa ce musu su buɗe baki a duba.

Maman_Walid: Akwai gwajin da zai nuna ko mutum na da wannan kumburin na ciki? In akwai in sa maigida ya yi.

Dalibi_a_Ingila: Akwai, hsCRP. Da shi aka zaɓi mutanen CANTOS, daga miligiram 2 a lita zuwa sama.

DanLab: Akwai shi, amma ni ban ba ki shawara ba. Maleriya na ɗaga shi, mura na ɗaga shi, ciwon haƙori ma haka, kuma wanda ɗakunan gwaji da yawa ke yi ba mai tsananin ganin ba ne, na gama-gari ne. In ya fito a sama me za a canza masa? Da kuɗin nan gara a duba furotin a fitsari da aikin ƙoda.

Dalibi_a_Ingila: Ai ana maimaitawa ne bayan sati biyu in mutum yana lafiya. Kar mu ce don muna Afirka gwaji ba shi da amfani.

DanLab: Ka dawo gida ka yi damina ɗaya a ɗakin gwaji, sai ka nemo min wanda ya yi sati biyu yana lafiya a watan Agusta.

Dan_Maradi: Shi gwajin fitsarin, sai an je ba a ci komai ba, ko ko yaushe ana yi? Jibi za mu kai tsohuwa likita.